Ƙullin Leda a Takalmin Nutso

Shafi na 14

Masu cewa na bar ku a tsaye, na ji ƙorafinku. Wanda ya shigo yau kuma ga inda aka kwana: Musbahu direba ne a gidan Abu Turki da ke unguwar Al-Naseem a Riyadh. Yau da la'asar zai raka maigidan nasa Japan, wani tsibiri da ake kira Okinawa, inda yake zuwa nutso a ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya. Aikin Musbahu ɗaukar kaya da wanke su. Ga shi nan da bakinsa.

*

Na zazzage takalmin hagu, ba komai sai yashi.

Na zazzage na dama, wani abu ya faɗo kan darduma.

Farar leda ce, irin ta ƙullin gishiri. A ciki ƙwayoyi ne ƙanana farare, sun fi hamsin. Babu kwali, babu takarda, babu suna.

Takalmin nutson na Baba ne. Haka muke kiran Abu Turki a gidan. Amma baƙar jakar da takalmin ke ciki, da sunana za ta hau jirgi. Shi ya ce akwatunansa biyu sun cika nauyi, kayan ruwa su bi tikitina.

Na ɗaga ledar na dubi bakinta. An murɗe sau biyu, an lanƙwasa, an bar kunne guda na ja. Shekara ɗaya da rabi ina ganin wannan ƙulli kullum da safe a kan ledar sukari da ta ganyen shayi.

Ƙofa ta buɗe. Kawu Laouali ya shigo da buta a hannu. Shi ne babban direban gidan, mutumin Maradi, shekararsa goma sha ɗaya a nan, kuma ɗaki ɗaya muke kwana a bakin get.

"Bahaɗeje, ba ka gama ba? Ko tsoron jirgi ne ya kama ka?"

Na juyo. Na ɗaga ledar.

Ya dube ta. Ya ajiye butar a hankali, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Mene ne wannan, Kawu?"

"Ina kag gane ta?"

"Ni na fara tambaya."

"Magani ne."

"Na wa?"

"Rage murya. Bango na da kunne, na gidan ga har da ido."

"Na ce na wa?"

Ya zauna bakin katifarsa ya fara cire silifa, kamar wanda ba shi da abin yi sai wannan.

Na ce, "Kawu, ƙullinka ne. Ko a kasuwar Bat'ha na tsince shi zan gane."

"Ban ce ba nawa ba ne."

"To me na yi maka? Tun da aka ce ni zan yi tafiyar nan ka daina cin abinci da ni. Idan kujerar jirgin kake so, da ka faɗa. Ba sai ka ɗaura mini ƙwaya ba."

Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Ni? Ni da ko rijiya ban leƙawa? Yaro, da ina son tahiyar, da ba ka san an yi ta ba."

"To wa ya sa ka?"

Ya nuna saman gidan da haɓa.

"Baba?"

"Shekaranjiya ya kira ni. Ya ba ni kwali biyu, ya ce in ɓare su duka in ƙulle, in sa cikin jakar kayan ruwa. Ya ce maganin mura ne, hancinshi ke toshewa in ya shiga teku."

"Maganin mura ake ɓarewa a ɓoye a takalmi?"

"Ni dai abin da anka ce mini ke nan."

"Shi ba shi da aljihu? Ba shi da akwati?"

Ya jera silifansa gefen katifa.

"Ƙarya kake, Kawu. Ka yafe ni, amma ƙarya kake. Mutumin da makon jiya ya ɗauke ni da kansa ya kai ni asibitin kuɗi, aka duba mini hanci da kunne don kada tafiya ta wahalar da ni? Shi ya tsaya a kantar asibitin ya miƙa igamata, shi ya biya. Wane kafili ne ke yi wa direba haka?"

Igama ita ce katin zama. Kafili kuma shi ne wanda katin ke ƙarƙashin sunansa. Ranar da ya ga dama, ranar za ka tattara.

Kawu Laouali ya ɗago ya dube ni.

"Ya kai ka asibiti?"

"Ranar Talata."

"Hmm."

"Mene ne hmm?"

"Ba komi."

Ya sunkuya ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. Daga cikin wata tsohuwar hula ya zaro kwalin magani da aka danne ya baje, aka ninke biyu.

"Ya ce in jefar da kwalayen a bolar bayan layi, ba ta gida ba. Guda na jefar. Guda na ajiye."

"Don me ka ajiye?"

"Don irin wagga rana."

Na miƙa hannu, ya janye.

"Daga nan za ka gani."

Wannan ma ya ƙara mini zargi. Na ɗauko waya na kira Amir ta bidiyo. Amir Bahaushe ne haifaffen Riyadh, yana aiki a shagon kayan nutso da ke Al-Murabba, inda nake kai tiyon numfashin Baba gyara. Hausarsa sai an tallafa mata da Larabci take tsayawa.

"Hala Musbahu. Ka tafi ko kana nan?"

"Ina nan. Duba mini wannan."

Kawu ya kara gaban kwalin a fuskar waya. Amir ya matso da ido. Murmushin ya bar fuskarsa. Na ga ya tashi ya shiga ɗakin ajiya ya ja ƙofa.

"Wa ya ba ka?"

"Kai dai faɗa mini mene ne."

"Maganin buɗe hanci ne. Ka ga, idan mutum yana sauka ƙasan ruwa, ruwa yana danne kunne. Sai ka toshe hanci ka hura, kunne ya buɗe. Mai toshewar hanci nasa ba ya buɗewa, ciwo kamar ana soka ƙusa. To wasu suna shan wannan kafin su shiga."

Na dubi Kawu. Ya ɗaga kafaɗa, alamar ka ji ko.

"Ke nan ba laifi ba ne."

"A nan, da takardar likita, mafi mushkila, babu matsala. Amma ina za ku?"

"Japan."

"La, la, la." Ya girgiza kai. "Akwai sinadari a ciki, sunansa dogo ne. Can suna lissafa shi cikin abin da ake haɗa ƙwaya da shi. Mai ƙarfi irin wannan ba a shiga da shi sai ka nemi izini tun makonni kafin tafiya, an ba ka a rubuce. Kuna da izini?"

"Ban ga wata takarda ba."

"Yana cikin kwalinsa dai ko?"

Na ɗaga ledar.

Amir ya ƙura wa ledar ido.

"Ya Musbahu, wallahi ko ni ne ma'aikacin kwastan, na ga baƙin mutum da wannan ƙulli a takalmi, zan kama ka kafin in tambayi sunanka."

"Wataƙila Baba bai sani ba."

"Abu Turki?"

"Shi."

Ya waiga bayansa, ya rage murya.

"Ni na gaya masa. Da bakina, a nan shagon, shekara uku ke nan. Na ce masa a can haramun ne, kuma mu ma ba ma son mutum ya yi nutso da shi, don idan ya sake ka kana ƙasa, wajen tasowa kunne na iya fashewa. Ya ce mini, kai sayar da gilashi aka ɗauke ka ko wa'azi?"

"Amir..."

"Ban faɗa maka komai ba. Ba ka kira ni ba. Ni ma igama gare ni."

Ya kashe.

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, amma rigata ta manne a bayana. Na zauna a kan jakar.

"Kawu, ka san wannan?"

"Sunan sinadari ban sani ba. Abin da yake jawowa na sani."

"Ta yaya?"

"Katifar da kake kwana, ta wa ce kahin ka zo?"

"Salissou."

"Mi anka ce maka game da shi?"

"An ce ya raka Baba Japan, ya ga ƙasa mai daɗi, ya tsere. Har Madam, matar Baba, tana ba da labarin, wai butulu ne."

"Ƙanen matata ne. Ni na kawo shi gidan ga."

Ya lalubo wayarsa mai fasasshen gilashi, ya daɗe yana gungurawa, sannan ya danna. Muryar wani mutum ta fito, a dishe, ana jin kukan awaki a bayansa.

"Yaya, ni ne. Ina Tessaoua. Ban gudu ba, wallahi ban gudu ba. A wurin binciken kaya sunka buɗe jakar, sunka ga ledar. Na juya in kira Baba, na hango bayanshi yana tura kekenshi, bai waigo ba. Kwana ashirin da biyu na yi a rufe. Ba na jin su, ba su ji na. Daga nan sunka sa ni jirgi zuwa gida. Kada ka hwaɗa wa kowa, kada a kore ka kai ma. Yaran..."

Kawu ya tsayar.

"Sau huɗu suna wucewa lafiya, ba a buɗe ba. Na biyar anka buɗe. Bara Baba bai tahi ba. Bana ya ji an ce akwai ɗan masunta a gida, wato kai, wanda bai tsoron ruwa kuma bai da tambaya."

"Kuma ka san haka, ka zauna ka ɓare su ɗaya bayan ɗaya, ka ƙulle mini."

"Na ƙulle."

"Kana kallona ina murna. Ina gwada rigar sanyi. Ina kiran Inna a Haɗejia ina cewa zan ga teku."

"Ina kallonka."

"Allah ya isa tsakanina da..."

"Tsaya. Kahin ka ja mini Allah ya isa, amsa mini guda. Wa ya ce maka ka zazzage takalmin?"

Shi ne ya ce.

Da safe ne, wajen shan shayi. Ya ce, Bahaɗeje, kayan sun daɗe a sito, ka zazzage takalman saboda kunama. Har na yi masa tsiya, na ce Bakatsinen Maradi da tsoro, kunamar Riyadh ai ta fi son gidan masu kuɗi. Ya maimaita sau biyu.

"Baba cewa ya yi in farke shafin jakar in tura ciki in ɗinke," in ji shi. "Da na yi haka, sai a Japan za ka gan ta. Na sa inda hannunka zai kai, na yi ƙullin da idonka ya sani."

"Me ya hana ka faɗa mini kai tsaye?"

"In ka tahi ka tunkare shi, ya ce wa ya hwaɗa maka, mi za ka ce? Bakinka bai riƙe magana, yaro. Yanzu kai ka tsinta. Ni ban ce komi ba."

Na dube shi da kyau. Fuskar nan da ba ta nuna komai, ko ranar da aka yi masa rasuwa haka take. Zai iya zama gaskiya ya faɗa. Zai iya zama kuma na kama shi ne ya juya zancen. Tsohon direba ya san kwana.

"To yanzu in yi yaya?"

"Ban sani ba."

"In zuba a masai."

"Ku isa can, ya ce kawo magani, ka ce babu. Ya biya kuɗin jirgin ruwa na mako guda, ga shi bai iya sauka ko kamu biyar. Kana ganin za ka dawo ɗakin ga?"

"In ce ba ni da lafiya, na fasa."

"Likita ya duba ka ranar Talata."

"In sa masa a akwatinsa."

"Da lamba yake kullewa. Kuma ko ka iya, kai ma ka zama shi."

Hon ɗin mota ya tashi a tsakar gida. Sau biyu, gajeru. Baba ke nan, idan ya riga direba fitowa.

Kawu ya miƙe da sauri. Ya ƙara ninke kwalin ya cusa mini a aljihun gaban riga, ya danna da tafin hannu.

"Akwai takardar asibiti manne a bayanshi. In abu ya ɓaci, shaida ce. Kada ka hiddo a mota."

Na jefa ledar a aljihun wando, na zuge jaka.

*

Kawu ne ya ja motar. Baba ya zauna a baya, ni a gaba, kuma duk lokacin da na ɗaga ido sai in haɗu da nasa a madubi.

"Musbahu, an shirya komai?"

"An shirya, Baba."

"Jakar ruwa, ba ka taɓa shirin da Laouali ya yi ba?"

Kawu bai ko ƙifta ba. Idonsa na kan titi.

"Na dai duba ko an manta wani abu."

"An manta?"

"A'a."

"Mumtaz, madalla. Kai yaro ne mai hankali. Idan muka dawo akwai maganar ƙarin albashi."

Ya ja hanci, ya fyace a tishu. Muka hau titin arewa.

A bakin Filin Jirgin Sarki Khalid, Kawu ya sauke kaya ya ɗora a keke. Ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe.

"Allah shi kiyaye hanya, Bahaɗeje."

"Amin, Kawu."

Ya shiga mota bai waigo ba. Na tuna bayan da Salissou ya ce ya hango.

Layin auna kaya ba tsawo. Mutum uku ne a gabanmu. Fasfo ɗina yana hannun Baba tare da nasa. Ledar tana cinyata kamar garwashi.

Mutum biyu.

Na ce a raina, a nan ƙasar ba laifi ba ne, Amir ya faɗa. Idan zan yi magana, nan ne wurin. Bayan wannan kanta babu sauran wuri.

Mutum ɗaya.

Na zaro ledar na miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi, yadda ake miƙa wa babba abu.

"Baba, maganinka. Na tsince shi a takalmi. Na ce gara ya zauna wurinka, kada ya ɓata."

Bai karɓa ba. Ya dubi ledar, ya dube ni, ya dubi mutanen da ke bayanmu. Sannan ya jawo keken gefe, kusa da wani ginshiƙi inda kwandon shara yake.

"Maganina?"

"Na hancinka, Baba."

"Ni ba na shan magani. Wa ya ce maka nawa ne?"

"Ba wanda ya ce."

"To ya aka yi ka sani?"

Na zaro kwalin daga aljihu. Na nuna masa.

"Ga kwalinsa. Da takardar asibiti a jiki."

Na zaci zai razana. Murmushi ya yi. Ya karɓa da yatsu biyu, ya warware ninkin, ya juya bayan, ya kawo shi daidai idona.

"Ka yi makarantar allo, ko? Karanta."

Boko na bari a aji biyu na sakandare, amma baƙaƙen Larabci na san su. Ƙananan rubutu ne na inji. Na bi layin farko da ido.

Sunana ne. Da sunan mahaifina. A ƙasa lambar igamata. Kwanan watan kuma Talatar da ta wuce.

Likitan da ya leƙa hancina. Hirar da suka yi da sauri suna dariya. Takardar da aka ce in sa hannu.

Kawu ya ga wannan rubutun? Kwana biyu kwalin yana cikin hularsa. Shi ma ya yi allo. Shi ya sa ya hana ni riƙewa a ɗaki? Ko shi ya sa ya ce hmm?

"Ka gani," in ji Baba a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Kai ne mai mura. Likita ya rubuta maka, ni na biya don ina tausayinka. Yanzu mayar da maganinka cikin jakarka. Jirgi ba ya jira."

"A Japan an hana shi, Baba."

"Wa ya faɗa?"

"Na ji."

"Ba sa buɗe kowace jaka."

"Sun buɗe ta Salissou."

Murmushin ya tafi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an goge allo.

Ma'aikacin kanta ya ɗaga hannu yana kiran na gaba. Mu ne na gaba.

Na dubi sunana a jikin kwalin, na sake dubawa.

"Baba, ka ce nawa ne?"

"Ga shi a rubuce."

"Ba naka ba ne ko ƙwaya ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To alhamdu lillahi. Na warke."

Na miƙa hannu saman kwandon shara.

"Musbahu." Bai ɗaga murya ba. "Idan ka saki ledar nan, igamarka ka saka. Daga wayar nan zan buga maka fita ta ƙarshe daga ƙasar, kafin ka kai ƙofar can. Ka tuna mahaifiyarka. Ka tuna ɗakin da kake gina mata."

Na tuna. Bulo ya kai taga, saura rufi.

Na tuna kuma muryar da ke cewa ba na jin su, ba su ji na.

Na kama kunnen ƙullin Kawu na ja. Ya warware a ja ɗaya, kamar kullum. Ƙwayoyin suka zube cikin kwandon, suna ƙara a jikin gwangwanayen lemo.

Baba ya tsaya har ta ƙarshe ta faɗa.

Ya sa fasfo ɗina a aljihun jallabiyarsa. Ya zaro waya, ya danna, ya kara a kunne. Idonsa a kaina.

"Laouali," ya ce. "Juyo da motar. Ka taho da ɗaya ledar, wadda na ce ka ajiye."